Likkafanin Inna Ya Je Hutu

Mutumin da bai taɓa zama a bakin teku ya miƙe ƙafa ya yi shiru ba, bai gama zama mutum ba. Wannan shi ne matsayin Dakta Ɗalhatu, babban malamin jami'a a Samaru, kuma sai da ya yi dogon nazari kafin ya kai ga matsayin. Abin da ke kashe 'yan ƙasar nan, in ji shi, ba yunwa ba ce, ba sauro ba ne, rashin hutu ne. Ya faɗa a aji, ya faɗa a teburin mai shayi, ya kuma faɗa wa matarsa Bilkisu a lokacin da take tsugune tana wanke zannuwan gadon mahaifiyarsa.

"Garin nan ya cinye ni, Bilkisu," in ji shi. "Cunkoson Kwangila, hon ɗin 'yan acaɓa, janareton maƙwabta, ga takardun ɗalibai da ba ka sanin da hannu aka rubuta su ko da ƙafa. Ƙwaƙwalwa irin tawa ba a yi ta don wannan ba."

Bilkisu ta matse zani ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Mahaifiyar tasa, Inna Nana Aisha, tana kwance a tsohon gidansu na Sabon Gari. Ciwon suga ya fara da idanunta, ya sauka ƙafa, yanzu kuma ya kama ƙoda. Kullum da safe Bilkisu ce ke hawa keke napep daga Samaru ta je ta yi mata wanka, ta ba ta kunu, ta juya ta, ta kwaso wanki. Dakta yana zuwa ran Juma'a. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta, domin ya lura warin ɗakin majinyaci yana ɗaga masa hawan jini.

Wani mai sayar da tikitin jirgi a Sabon Gari, Collins, shi ya nuna masa hoton Zanzibar: farin rairayi, shuɗin ruwa, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kamar suna gaisuwa. Dakta ya ga hoton ya gane cewa nan ne maganinsa yake. Abu ɗaya ya rage, wato abin da za a gaya wa Inna. A duk Hausar da Inna ta sani babu yadda za a ce namiji mai furfura zai hau jirgi ya bar uwarsa a kwance don ya je ya kwanta a kan yashi.

Ranar da ya je sallama, Bilkisu na bakin gado tana ba ta kunu a cokali. Wannan karon ya shigo har tsakiyar ɗaki.

"Inna, tafiya ta kama ni."

"Ina kuma? Taron nan naku na 'yan boko?"

Ya gyara murya. "Umra zan je, Inna."

Cokalin ya tsaya a hannun Bilkisu. Ta ɗago ta dube shi, shi kuwa ya sami wani abu a jikin silin yana karantawa.

Inna ba ta taɓa taka ƙasa mai tsarki ba. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya mutu yana yi mata alkawari, ɗanta ya gaji alkawarin ya ci gaba da kula da shi, kowace shekara sai ya ce baɗi. Amma ko kaɗan ba ta tuna da wannan ba. Fuskarta ta washe, ta shiga lalube tana neman hannunsa.

"Alhamdu lillahi. Bilkisu, jawo mini kwallar nan ta ƙarƙashin gado."

Cikin kwallar akwai farin yadi a ninke, ba a yanka ba. Da kuɗin daddawarta ta saya tun idonta na gani, ta kuma yi masa alama da baƙin zare a kusurwa ɗaya don kada ya haɗe da na kowa. Likkafaninta ne.

"Ka tafi mini da shi, Ɗalhatu. Ka tsoma shi a ruwan Zamzam, ka shanya shi a can, ranar can ta busar da shi. Kamar yadda marigayi Alhaji, baban Bilkisu, ya yi musu. Tunda ƙafata ba ta je ba, ko tufana na ƙarshe ya je. Ba na son dabino, ba na son zobe. Wannan kaɗai."

Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya ce in Allah ya yarda.

Sai da suka wuce Kwangila a mota kafin Bilkisu ta yi magana.

"Umra, Baban Muntasir?"

"Me kike so in ce mata? Ki gaya mini. Tsohuwa ce, ba ta da lafiya, na faranta mata rai. A ilimance wannan ma magani ne. Kuma can ɗin ma ai Musulmi ne, har kiran salla ake yi."

"To, yadin fa?"

"Ki ajiye shi a gida. In na dawo sai a ce an tsoma. Wa zai tambayi yadi inda ya je?"

Ba ta ajiye ba. Da take shirya masa akwati sai ta ɗora likkafanin a sama, bisa gajerun wanduna da baƙin tabarau. Tunaninta shi ne, duk mutumin da ya buɗe akwati ya ci karo da likkafanin uwarsa, dole wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Wataƙila ya koma wurin Collins a canja tikiti. Wataƙila ya fasa. Kuskurenta ke nan: ta ɗauka kunya tana bin mutum har cikin jirgi.

Kafin jirginsa ya tashi, labari ya gama layin su Inna. Mata suka riƙa shigowa suna yi wa Bilkisu barka. Wannan ta ce a gaya masa ya roƙa wa 'yarta miji, waccan ta ce ɗanta na neman aiki, wata kuma ta ce ita dai ƙafarta ce. Bilkisu ta karɓi saƙonnin duka, ta ce za ta isar. Inna kuwa ta sami abin yi. Kowace safiya sai ta tambaya, "Yanzu yana ina? Ya yi ɗawafin? Ya ce akwai cunkoso?"

"Ya ce akwai jama'a, Inna."

"Ai dole. Allah ya sa kada a take shi."

Hotuna suka fara shigowa wayar Bilkisu. Ga teku. Ga ƙafafun Dakta a cikin teku. Ga kwakwa an fasa an sa mata tsinken zuƙa. Ƙarƙashin kowane hoto akwai hikima: yau ne ya fara jin numfashinsa, yau ne ya gane cewa agogo azzalumi ne. Bilkisu takan duba su a tsakar gida, nesa da Inna, ko da yake Inna ba ta gani.

A nan Rhoda ta same ta. Rhoda tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, katanga ɗaya ta raba gidanta da na Inna, ita ce kuma ke zuwa wanke gyambon ƙafar. Ta leƙo ta bayan kafaɗar Bilkisu tana goge hannu.

"Maman Muntasir, ni dai ban taɓa zuwa Makkar taku ba, amma ban san da bishiyar kwakwa a can ba."

"Rhoda, don Allah."

"A'a, tambaya nake. Wannan gajeren wandon shi ne haramin?"

Bilkisu ta so ta yi dariya, amma idonta ya riga ya sauka a kan wani abu. Dakta na kwance a kujerar bakin ruwa, hannaye a ƙeya. Samansa an ɗaure wani farin ƙyalle tsakanin sanduna an yi rumfa. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta ƙara buɗawa. A kusurwar da aka ɗaure da igiya, ga baƙin zaren Inna.

Rhoda ta san zaren, domin an sha nuna mata. Ta daina murmushi. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Gyambon ya ƙara ci. Ki gaya masa ya dawo."

Da Bilkisu ta same shi a waya, iskar teku na ta kaɗawa a bayansa.

"Baban Muntasir, mene ne a samanka a hoton nan?"

"Oho, wannan? Ai na gode miki da kika sako shi. Ranar nan ba irin tamu ba ce, kuma duk rumfunan otal ɗin Turawa sun kama tun asuba."

"Likkafanin Inna ne."

"Yadi ne, Bilkisu. Auduga. Ba ya zama likkafani sai an sa mutum a ciki. Mu ne muke ɗora wa abubuwa ma'ana, na sha yi miki bayanin wannan." Ya yi 'yar dariya. "Jiya ma iska ta fizge shi ta jefa a ruwa, da ƙyar wani mai kwale-kwale ya kamo. Kin ga ke nan an tsoma."

Ta kashe wayar. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Shi ne? Ya sha ruwan?"

"Ya sha, Inna."

Jikin Inna ya rikice kafin ya dawo. Bilkisu da Rhoda suka kai ta babban asibitin Shika. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, daga baya babbansu ya ja Bilkisu gefe ya ce mata, cikin ladabi, gara a mayar da ita gida cikin 'yan uwa. Aka mayar. Ta daina cin abinci, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya koma sama-sama. Amma ta ƙi tafiya. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa, "Kayana nake jira. Suna hanya."

Dakta ya dawo fes. Kumatunsa sun ciko, idonsa ya yi haske, hawan jininsa ya sauka, abin da ya ce ya tabbatar da nazarinsa. Bai manta da komai ba. Kafin ya shigo gida ya tsaya wurin mai aski aka yi masa ƙwal-kwabo, tunda ba a dawowa daga Umra da suma. Ya ba Bilkisu umarni ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayo dabino da casbaha da turare don rabon tsaraba. Sa'an nan ya miƙo mata wata leda mai tambarin otal.

Likkafanin ne a ciki, da danshinsa ya cusa shi. Da ta zazzage, sai yashi ya zubo a kan tayil. Yadin ya yi tauri da gishiri. Fumfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi tun daga tsakiya har gefe. Inda aka ɗaure igiya ya yage. Akwai faffaɗan tabon man shafawa mai ƙamshin kwakwa, daidai faɗin bayan mutum, domin da alama bayan aikin rumfa ya yi na shimfiɗa. Ƙarƙashin ƙamshin kuma akwai ƙarnin kifi.

Ta jiƙa da omo. Ta cuɗa da sabulu har fatar yatsunta ta saɓule. Ta zuba haifo mai cire tabo, ta sa bula, ta shanya. Ƙarnin ya tafi. Fumfunar ta koma toka-toka ta zauna daram. Tabon man ya ƙi motsi. Ta tsaya tana kallonsa a kan igiya, tana tunanin tsofaffin matan layin da za su yi wa Inna wanka, yadda za su warware yadin nan a gaban juna, su ɗaga shi a haske don a yanka.

Dakta ya fito da kofin shayi ya tsaya kusa da ita.

"Kina wahalar da kanki. Farin yadi ya ƙare a kasuwa ne? Ki sayo wani, ki sayo robar Zamzam ɗin nan da ake sayarwa, ki yayyafa. Magana ta ƙare."

"Wanda ko mai sayarwar ba ya yarda ya rantse a kansa?"

"Inna ba ta gani, Bilkisu."

"Ba yadi ta roƙe ka ba. Cewa ta yi ya je."

"To ya je ina? Ki yi tunani kamar mai ilimi mana. Ƙasa ce za ta cinye shi, ko daga ina ya fito." Ya kurɓi shayi. "Kada ki lalata mini hutun nan tun ban gama sauke gajiyar jirgi ba."

Ta bar shi nan ta shiga ɗaki.

A ƙasan akwatinta na aure, ƙarƙashin atamfofin da ta daina ɗaurawa, akwai wani ƙulli. Shekarar da mahaifinta ya yi aikin Hajji ya dawo da yadi uku, duk ya tsoma su da hannunsa ya shanya a can. Ɗaya nasa, ɗaya na mahaifiyarta, ɗaya nata, ita kaɗai ce 'yarsa mace. Ranar da ya ba ta ta yi kuka ta ce yana yi mata fatan mutuwa, ya yi dariya ya ce a'a, rakiya ce yake yi mata tun da wuri, don ba lallai yana nan ba ranar. Biyu sun riga sun shiga ƙasa. Gidan da ta tashi an sayar an raba. Abin da ya rage mata na mutumin nan shi ne ƙullin. Ba ta cika buɗe shi ba. Sanin yana nan ya ishe ta, musamman a shekarun da ta gane irin mijin da ta aura.

Ta zauna a bakin gado da shi a cinya. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta riga ta san abin da za ta yi tun lokacin da yashin ya zubo, zaman dai na sallama ne.

Washegari da hantsi ɗakin Inna ya cika. Dakta ya zo cikin farar jallabiya, kai na sheƙi, yana karɓar "Allah ya sa karɓaɓɓiya ce" da tawali'u. Ya ba da labarin cunkoson ɗawafi da sanyin tayil ɗin Harami, duk yadda ake nunawa a talabijin, mata na ta kabbara. Rhoda na tsaye a bakin ƙofa da jakarta tana kallonsa.

"Ina kayana?" in ji Inna. Muryar da ƙyar take fita.

Bilkisu ta durƙusa ta ɗora mata yadin a ƙirji. Dakta ya dubi yadin, fari tas, ba tabo ba yagewa, ya gyaɗa mata kai alamar yabo. A ganinsa ta bi shawararsa.

Yatsun Inna suka bi gefen yadin a hankali har kusurwa. Suka wuce kusurwa ta biyu. Ta juya shi, ta lalubi ta uku, ta huɗu. Babu zare. Ta kai shi hanci ta shaƙa. Ƙamshin kafur ne da tsohon turaren wuta, ƙamshin abin da ya shekara da shekaru a ƙasan akwatin mace. Kowa ya zuba mata ido.

"Ya yi laushi," in ji ta.

"Ruwan ne, Inna," in ji Bilkisu.

Inna ta sake shafa kusurwar yadin. Sa'an nan ta ce, "Haka ne. Ruwan ne."

Ta sa Ɗalhatu ya sunkuyo mata da kansa, ta shafa askin, ta sa masa albarka mai tsawo a gaban kowa, ta roƙa masa gamawa lafiya. Mata suka amsa da amin, wasu na share hawaye. Ya fita rabon dabino, jama'a suka bi shi tsakar gida.

Bilkisu ta ɗauko kofin kunu. Inna ta kamo wuyan hannunta, ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta jawo ta kusa.

"Ke kuma da me za ki tafi, 'yar Alhaji?"

"Sha kununki, Inna, zai huce."

Inna ba ta sha ba. Ba ta kuma saki hannun ba sai da barci ya ɗauke ta.

Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba. Tsofaffin layin da suka yi mata wanka suka warware yadin suka ɗaga shi a haske, suka yaba kyansa, suka ce Nana Aisha ta yi sa'ar ɗa. Maganar ta fita har waje wurin maza, liman ma ya taɓo ta bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce 'yan boko su yi koyi.

A wurin zaman makoki Dakta ya riƙe kansa da kyau. Abokan aikinsa daga Samaru sun lura da haka, suka faɗa masa. Ya sauke murya ya ce musu gaskiyar magana ita ce, ba don ya sami 'yar hutawar nan ba, da rashin nan ya kayar da shi. Ya ce abin da yake ta faɗa ke nan shekara da shekaru. Ya ba biyu daga cikinsu lambar Collins.

Bayan an share makoki Bilkisu ta koma Samaru. Safiyar farko ta tashi da wuri bisa sabo, ta ɗauki mayafi, sa'an nan ta tuna babu inda za ta. Yadin Inna na nan a bayan ƙofa inda ta rataye shi. Ta sauke, ta shimfiɗa a kan gado, ta ɗinke inda igiya ta yaga. Ta goge shi da dutsen guga, ta ninke yadda tabon zai koma ciki, baƙin zaren ya zo sama. Da ta ɗaga, sai wani ɗan yashi ya zubo daga cikin ninkin, fari, mai laushi kamar gari. Ta kaɗe shi daga zanin gado da tafin hannu.

Daga falo Dakta ya ƙwala kira yana tambayar ko an ga baƙin tabaransa.

"Yana kan talabijin," in ji ta.

Ta ɗaga atamfofin, ta kwantar da yadin a gurbin da ƙullin ya bari, ta jefa ƙwayar kafur, ta rufe akwatin.